Kumfa a Kan Shayin Baiko

Ranar da firjin Pei-lan ya mutu, ita ma saura kaɗan ta bi shi. Ta dawo daga gidan kula da tsofaffi inda take aiki, bayanta na ciwo saboda ɗaga mutane da kwantar da su tun safe, ga zafin birnin Tainan da ke sa mutum ya ji haushin rigarsa. Ta buɗe firji, ɗumi ya bugi fuskarta. Ƙanƙara ta koma ruwa, kirim ɗin madarar da ta sayo jiya kuma ya kama hanyar lalacewa.

Mai gyaran ya iso da yamma. Dogo ne siriri, rigar aikinsa sharkaf da gumi, idanunsa irin na wanda ya manta rabonsa da barcin kirki. Ya ce sunansa Hung Wen-tai, ya cire takalmi, ya durƙusa bayan firji ba tare da wani dogon surutu ba.

Ita kuwa ba ta iya zuba ido kirim ya tashi a banza. Ta sauka shago ta sayo ledar ƙanƙara, ta binne tsohuwar kwalbar zumarta a ciki har ta yi raɓa. Ta zuba kirim, ta ƙara 'yar madara, sukari kaɗan, gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, ta murɗe murfi ta shiga girgizawa. Ba ta duba agogo, kunne take sa wa. Idan ƙarar ta daina cakal-cakal ta koma luƙus, kumfa ta yi. Ta tsiyaya ta a kan baƙin shayi mai ƙanƙara, ta miƙa masa kofi ɗaya.

"Injiniya, taimaka ka sha. In ba a sha ba zubarwa za a yi."

Ya dubi kofin kamar an miƙo masa wuta. "Ba ki da ruwan ɗumi?"

"A wannan zafin? Kai da sanyi ne sana'arka?"

"Gyarawa nake, ba sha nake ba. A gidanmu ba a shan abu mai sanyi."

"To nan ba gidanku ba ne."

Ya kurɓa, ya sake kurɓa. Sai ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina da firjin da ya fara gurnani, ya lumshe ido.

"Gishiri kika sa?"

"Kaɗan. Shi ke tayar da zaƙin."

Ta tsaya tana kallonsa. Ba kyansa ne ya fara kama ta ba, don ba wani kyan a zo a gani ne da shi ba. Abin da ya taɓa ta shi ne, ta daɗe ba ta ga wanda gajiyarsa ta kai tata ba, kuma ga shi yana hutawa a kicin ɗinta.

Bayan kwana kaɗan saƙo ya shigo wayarta.

"Barka da yamma. Wen-tai ne, mai firji. Na tuna ban duba robar ƙofa ba."

Ta amsa: "Robar ƙofa lafiyarta lau. Amma yau kumfar baƙin riɗi zan yi."

"To robar na buƙatar dubawa da gaggawa."

Haka aka fara. Babu firji a unguwar da ya sha dubawa kamar na Pei-lan. Mahaifinta, tsohon direban bas wanda magana ba ta dame shi ba, ya ce in dai haka ne gara yaron ya riƙa zuwa a fili, kada maƙwabta su ɗauka kayan gidan duk ruɓaɓɓu ne.

Soyayyarsu ta gajiyayyu ce. Sun je sinima, su biyun suka yi barci har mai shara ya tashe su. Daga nan suka haƙura da yawo. Ya kan zo bayan aiki, su zauna a baranda, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura a kan bokiti, ta haɗa musu abin da ya zo mata a rai: kumfar gyaɗa a kan gahawa, ta gwaza a kan koren shayi, ta ɓawon lemo wadda ta tsinke ta ba su kunya. Ta gaya masa sirrin abin ɗaya ne, komai ya zama da sanyi, kwalba da kirim da shayin da za a ɗora wa. In aka ɗora ta a kan mai zafi, ba ta jiran kowa, narkewa take.

"'Yar kumfa," in ji shi wata rana, "me ya sa ba ki sayi ɗan injin nan na bugawa ba? Hannunki fa."

"A wurin aiki hannuna na kowa ne, A-Tai. Wannan ya ce a juya shi, waccan ta ce a goge mata baki. Wannan girgizawar ce kaɗai nake yi don kaina."

Ya kama hannun ya riƙe. "Ni ma ki riƙa yi dominki. Ki aure ni."

"Haka ake neman aure? Ƙafata a kan bokiti?"

"In na jira ranar da ba ki gaji ba, sai mun tsufa."

Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ta yarda.

Kuskuren da ta yi na ranar gaisuwar mahaifiyarsa, da kyakkyawar niyya ta yi shi. Ta ga kowa na kai kwalin biskit ko 'ya'yan itace, ita kuwa ta so ta kai abin da hannunta ya fi iyawa. Wen-tai ya ɗan yi inda-inda, amma shi mutum ne da kalmar a'a ke yi wa nauyi a baki, sai ya bar ta. Ta rungumo kwalbarta a cikin ƙanƙara tun daga gida har unguwarsu ta Anping.

Mahaifiyarsa, Madam Hung, mai sayar da faten kifi ce a kasuwa, tana tashi tun asuba shekara da shekaru, kuma ita kaɗai ta raini ɗanta bayan rasuwar mijinta. Gajeruwa ce, filas ɗin ruwan ɗumi ba ya barin gefenta. Ta amsa gaisuwa, ta dubi kofin da aka ajiye mata yana zufa a kan tebur, sannan ta kamo hannun Pei-lan.

"Yarinya, wannan hannu ne ko kifin da aka ciro daga ƙanƙara?"

"Kwalba na riƙo, Gwaggo."

"Kullum kike shan wannan abin?"

"Kullum, Gwaggo."

Da ta yi ƙarya da ta tsira. Madam Hung ta ture kofin da bayan hannu, a hankali, ba faɗa.

"Macen da ta cika cikinta da ƙanƙara, a ina ɗa zai zauna? Ɗa ɗaya gare ni. Ban raine shi don gidan ubansa ya ƙare a kansa ba."

A hanyar dawowa Pei-lan ba ta riƙe shi a kan babur ba, ƙarfen baya ta kama. Sai da suka tsaya ya gaya mata cewa kafin a haife shi ciki ya sha zube wa mahaifiyarsa, kuma surukarta ta ɗora laifin a kan gurzajjiyar ƙanƙarar da ta sha wata bazara. Tun daga nan ko kankana ba ta ƙara sa wa a baki ba.

"Ba ƙinki take ba, tsoro take ji. Ki yi haƙuri, A-Lan."

Ta yi haƙurin. Sharaɗin da aka gindaya mata shi ne ta bar sanyi gaba ɗaya, ta kuma riƙa shan maganin ɗumama jiki daga wani shagon saiwoyi na aminan Madam Hung. Kwalba ta koma saman kabad. Yanzu idan ta dawo aiki, tukunyar baƙin ruwa mai ɗaci ce ke jiranta, ta toshe hanci ta shanye, ta kwanta. Bazara ta wuce, wata bazarar ta kusa kamawa. Ba ta yi rashin lafiya ba, ba ta kuma yi ƙorafi ba, sai dai ranakun sun zama iri ɗaya, babu abin da take ɗokin komawa gida dominsa. Saƙonninta ma suka gajarce.

"'Yar kumfa, kin ci abinci?"

"Na ci."

"Me kike yi?"

"Magani."

Daga ƙarshe Madam Hung ta ce jikin yarinyar ya fara yin dama-dama, ta yarda a duba kalanda a tsayar da ranar baiko. Amma yardar ta baki ce.

Wata ranar hutu Pei-lan ta je karɓar magani da tsakar rana. Ta leƙa bayan kantar shagon, sai ga Wen-tai zaune yana cin abinci, 'yar mai shagon, Su-yueh, na ƙara masa miya. Yarinya ce fara sumul, irin wadda uwaye ke nuna wa 'ya'yansu, ga filas ɗinta a gefe kamar an haife ta da shi. Pei-lan ta ajiye kuɗin magani ta fita ba ta ɗauki ƙunshin ba.

Wayarta ta yi ta ƙara a jaka.

"A-Lan, ba abin da kike zato ba ne. Firjinsu na zo dubawa."

Ta rubuta: "Na san irin wannan dubawar. Da ita aka same ni."

Su-yueh ce ta biyo ta har tashar bas, ƙunshin magani a hannu, tana haki.

"Yaya, tsaya ki ji. Firjinmu ko tari bai taɓa yi ba. Mamansa ce ke turo shi, babana ya tsare shi da abinci, shi kuma bai iya cewa ya ƙoshi ba. Ni ina da nawa saurayin a birnin Kaohsiung. Mutum ya zauna a gabana ba shi da hira sai ta kumfar riɗi. Don Allah ki kwashi kayanki, na gaji da ji."

Pei-lan ta yarda da ita, don ba a ƙirƙirar irin wannan ƙosawar. Amma zuciyarta ba ta yi sauƙi ba. Da ya zo da yamma, ta tare shi a baranda, ba ta ba shi wurin zama ba.

"Ba Su-yueh ce damuwata ba. Na gaji, A-Tai. Abu ɗaya nake da shi a yini wanda ba na kowa ba, na ajiye shi dominka, kuma har yau ana tura ka kallon wata. In na shiga gidanku a haka, me kuma za a ce in ajiye?"

"Ki yi haƙ..."

"Kada ka ƙarasa. Ranar baiko ni zan ba danginka shayi, ko ba haka ba? Mai zafi zan dafa yadda al'ada ta ce, ba zan kunyata babana ba. Amma zan ɗora masa kumfa. In mamanka ta sha, ta san wadda ta karɓa. In ta ajiye, ka bi ta ku tafi, ba zan riƙe ka a zuciya ba."

Ta ga tsoron a fuskarsa ƙarara, ta kuma ji tausayinsa, amma ba ta janye ba. Ya wuce ta ya shiga kicin, ya miƙa dogon hannunsa saman kabad, ya sauko da kwalbar ya wanke mata ƙura.

Kowa a Tainan ya san yadda shayin baiko yake. Amarya ta fito da tire, ta bi dangin ango daga babba zuwa ƙarami, ango ne na ƙarshe. Ta koma ciki, su shanye, kowa ya naɗe jar ambulan mai kuɗi a ciki ya sa a kofinsa, ta dawo ta kwashe. Kofin da ya dawo da shayi a ciki magana ce ta ƙin yarda, kuma kowa na jin ta.

Da hantsi falon mahaifinta ya cika. Pei-lan na kicin cikin jar riga, shayin jan dabino na tururi a tukunya, tana fama da murfin kwalba da ya ƙi murɗuwa. Sai ga Wen-tai ya saɗaɗo cikin kwat, abin da ango bai kamata ya yi ba.

"Kawo. Me kika sa?"

"Citta da mazarƙwaila."

Ya cire kwat ɗin ya rataye a ƙofar firji, ya shiga girgizawa da hannu biyu, kunnensa a jikin kwalba. Gwaggonta, wadda za ta riƙo ta zuwa falo, ta leƙo ta gan su, ta dafe ƙirji.

"Ku yaran nan za ku kashe ni. Kumfa a shayin baiko? Tun kakanninmu ban taɓa ji ba."

"Ya yi luƙus," in ji Wen-tai. "Zuba, masoyiya."

Ta fito, gwaggonta na riƙe da gwiwar hannunta tana jero fatan alheri da muryar da ba ta da tabbas. Kowane ƙaramin kofi da farar hularsa. Babban kawun ango ya ɗauka yana ɗaga gira. Ta iso gaban Madam Hung, ta rusuna.

"Gwaggo, ga shayi."

Madam Hung ta dubi kofin, ta dubi yarinyar, ta dubi ɗanta wanda gumi ya jiƙa wa wuyan riga. Ta ɗauka, don barin sa a tire ya yi muni da yawa. Pei-lan ta gama zagaye ta koma bayan labule, ta tsaya inda take hango komai.

Kawu ya kurɓa, kumfa ta manne masa a gashin baki, ya ce wannan abin na zamani bai yi laifi ba, ko akwai ƙari. Sauran suka bi shi. Kofi biyu suka rage, na uwa da na ɗa. Wen-tai bai jira ta ba. Ya ɗaga nasa ya shanye a gabanta, ya sa ambulan, ya ajiye.

"Mama, ni na sha. Kuma na daɗe ina sha."

Mahaifin Pei-lan ya kafa wa silin ido. A bayan labule ita kuwa Pei-lan idonta na kan kofin da ya rage. Ta riga ta san abin da za ta yi in kofin ya dawo cike: ta cire jar rigar, ta ninke, gobe ta koma aiki. Tunanin bai ba ta tsoro ba, gajiya kawai ya ƙara mata.

Madam Hung ta buɗe baki, amma ba abin da ake jira ta faɗa ba. Ta juya ga kawu ta fara ba shi labarin yadda A-Tai ya yi ƙyanda yana ƙarami, ta goya shi a bayanta tana sayar da fate. Daga nan ta koma kan cunkoson hanyar Anping, ta faɗa kan tsadar kifi, ta dawo kan marigayi mijinta da taurin kansa. Mutane suka fara gyara zama. Duk wannan surutu kofin na tafin hannunta, tana juya shi a hankali, tana juyawa.

Pei-lan ce kaɗai ta lura da abin da hannun ke yi. Farar hular ta fara lotsawa, ta yi siriri, ta rabu gida-gida, ta nutse. Shayin ya tashi daga ja ya koma ruwan ƙasa-ƙasa.

Sai a lokacin tsohuwar ta sunkuya ta leƙa kofin, ta taɓa gefensa da leɓe.

"Wai ina sanyin da kowa ke zare min ido a kai? Ni shayi mai ɗumi na gani."

Ta shanye tas, ta naɗe ambulan ɗinta ta cusa. Gwaggon Pei-lan ta saki wata ajiyar zuciya da aka ji har waje, ta shiga zuba albarka kamar an buɗe famfo.

Pei-lan ta fito kwasar kofuna. Da ta rusuna gaban Madam Hung, tsohuwar ta matso da bakinta kusa da kunnenta.

"Citta ta yi yawa."

"Zan rage."

"Ni a kan mai zafi za ki riƙa zuba min, kuma ba na son a yi min gaggawa. Abin da kike sha a gidanki, idona ba ya kai wa can." Ta dube ta sama da ƙasa. "Kin rame. Ki bar maganin nan haka. Na san ɗacinsa, ni ma an ba ni, kuma babu wanda ya taɓa ce min ya isa."

Hawayen da Pei-lan ta riƙe tun bara suka zubo, suka ɓata kwalliyar da aka ɓata safiya ana yi.

"To, Mama."

"Tashi, kada ki zubar min da kofuna a gaban mutane."

An ɗaura auren kafin ƙarshen shekara, a wani gidan cin abinci kusa da gaɓar ruwa. Su-yueh ta zo da nata na Kaohsiung, ta fi kowa tafi. Da aka nemi uwar ango ta yi magana, ta miƙe da ƙyar saboda gwiwa, ta ce ita ba ta iya jawabi ba. Ta ce yaran nan biyu suna wahala a waje, kowa ya gan su ya sani, don haka fatanta su zame wa juna wurin hutawa, su tsufa tare har kansu ya yi fari, in 'ya'ya sun zo a yi murna, in sun yi jinkiri kada wanda ya ɗora wa wani laifi. Ta zauna tana goge ido da hankici, tana cewa hayaƙin kicin ne.

Wen-tai ya laluɓo hannun matarsa a ƙarƙashin tebur ya riƙe. Allah ya ba su zaman lafiya, ya sanya albarka a gidansu, ya huce musu gajiya.